Kayan Shelby Guda Hamsin

Shekara tara cur Shelby Novak ta yi tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ta zo Los Angeles daga wani ƙauyen Nebraska tana da goma sha tara, da 'yar fuska kamar ta 'yar tsana da jiki kamar a hure ta faɗi. Masu fim suka dube ta suka ce ai wannan 'yar sakandare ce, ita kuwa ta riƙe maganar nan hannu bibbiyu, ba ta sake ta ba har yau.

Kowa a North Hollywood ya san finafinan soyayyar 'yan makaranta ba 'yan makaranta ke yin su ba. Yaro na gaskiya sai an ajiye masa malami a wurin aiki, a tashe shi da wuri, ga uwarsa a gefe tana zare ido. Shi ya sa ake ɗauko ƙato mai shekara talatin, a aske masa gemu sau biyu a rana, a rataya masa jakar makaranta, a ce ga yaro. A gefen irin waɗannan ƙattin Shelby ta ci kasuwarta, in dai kasuwa za a kira ta. Sau shida ta fito a ƙawar jaruma, wadda aikinta kawai ta ce, "Je ki same shi mana, yana can yana jiranki." Sau ɗaya aka sheƙa mata lemo a riga a wurin rawar ƙarshen shekara. Sau ɗaya kuma ta mutu tun mutane ba su gama zama a kujerunsu ba. Amma wadda ake bi da gudu cikin ruwan sama a ƙarshen fim, ba a taɓa ba ta wannan ba.

Ɗakinta na saman wani shagon tayoyi, kuma duk wanda ya leƙa sai ya tambaya ko tashi take yi. Katifa a ƙasa, farin bango, fitilar ɗaukar hoto, sandar ɗora waya, tukunya ɗaya, kofi biyu. Kayanta duka duniya guda hamsin ne, har da buroshin haƙori, kuma doka ce ta kafa wa kanta: in abu ya shigo, wani ya fita. In ka zauna da ita minti goma sai ta yi maka wa'azi, wai kaya nauyi ne a zuciya, wai mutum ba ya numfashi sai ya zubar. A wani littafi ta karanto. To wa'azin na da daɗin ji, amma mu da muka ga jiya muka ga yau mun san zancen. Kira take jira. In an ba ka babban fim, kwana biyu ake ba ka ka isa Vancouver ko Atlanta, saboda haka komai nata sai ya shiga jaka biyu. Don haka ba ta sayi tebur ba. Don haka ta mayar da 'yar kyanwar da maƙwabciyarta ta ba ta. Shekara tara tana zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ta kuma sa wa abin suna aƙida.

Kofi na biyun na Mateo Quiñones ne. Shi ma fim ya zo yi, ya yi shekara bakwai yana fitowa a ɗan daba na uku daga hagu, wata rana ya cire rigar dabancin ya kama aiki a gidan rainon furanni a Sun Valley, ya yi ƙiba, ya soma barci mai kyau. Shi ke zuwa ya tsaya a bayan waya yana karanta maganar saurayin in Shelby za ta ɗauki bidiyon gwajin neman fim ta aika. Shekara huɗu ke nan yana gaya mata yana sonta da sunan wasu, yau shi ne Brad, gobe Connor. Ranar da ya faɗa da sunansa, ba takarda a hannu, ta ce ya bari wannan kakar gwaje-gwajen ta wuce. Kaka uku ta wuce tun lokacin.

Ran wata Litinin dillaliyarta Bernice Adler ta kira. Bernice tsohuwa ce mai murya kamar ana jan buhu a kan siminti, ta shekara arba'in tana sayar da fuskokin mutane, ba ta da lokacin gaisuwa. Ta ce wa Shelby ta tsallake zagaye biyu a fim ɗin nan na yarinyar da ake kira Junie, wadda ta faɗa son yaron da ke gadin wurin ninkaya, kuma wannan karon ba ƙawa ba ce, jarumar ce da kanta. Saura gwaji ɗaya ran Juma'a, wanda za a haɗa ta da saurayin fim ɗin a ga ko jininsu ya haɗu. Sai dai daraktar, wata Ingrid Solheim, tana da tata tsirfar: kowa ya zo da wani abu na hannu daga soyayyarsa ta fari, abin gaske, ya riƙe shi ya ba da labarinsa a gaban kyamara.

"Ki saurare ni, 'yar tsana," in ji Bernice. "Shekarunki ashirin da takwas, ni da ke da Allah muka sani. Wannan ne karo na ƙarshe da zan tura ki da jakar makaranta. In ya kama, ya kama. In bai kama ba, ni ban san inda zan sa ki ba."

Shelby ta ajiye wayar, ta dubi ɗakin. Ba sai ta yi bincike ba. Amfanin mai kaya hamsin ke nan, a zaune yake sanin abin da ba shi da shi.

Ta kira uwarta Darlene a Nebraska. Ta yi ta kewaye-kewaye, ya ƙafa, ya sanyi, ya su Kawu Vern, sannan ta tambaya ko akwai wani abu nata na lokacin sakandare da ya rage a gidan, ko a rumbun sama, ko a gareji.

Darlene ta yi dariya har da tari. Ta tuna mata bikin godiya na shekarar waccan, wanda dangi ke taruwa a ci abinci duk shekara, da ta zo gida da baƙaƙen ledoji goma sha biyu, ta share ɗakinta tas ana tsakiyar gasa talo-talo, har da hotuna, har da rigar rawa, har da littafin da 'yan aji suka yi mata rubutu.

"Na ce ki bar mini ko kwali ɗaya, kika ce ni baiwar tarkace ce. A gaban surukar Vern kika faɗa. Ni dai yanzu ɗakin ɗinki ne, kuma ina jin daɗinsa. Me ya faru, 'yar nan, numfashin ne ya yi yawa?"

Shelby ta ce aiki ne kawai. Darlene ta ce akwai cokalinta na jarirai in zai yi. Suka yi sallama.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma 'yan fim sun saba. Washegari ta shiga shagon gwanjo na kan titin Magnolia, ta yi awa guda tana juya kayan mutane, sarƙoƙi masu rabin zuciya, beyar wasa da aka rungume har gashinta ya ƙare. Ta tsaya a kan wata hular ƙwallo shuɗiya, bakinta ya lanƙwashe, gumi ya zana mata layi, an rubuta T.J. a ciki da baƙin alƙalami. Kafin ta kai gida ta riga ta gina yaron: dogo, mai 'yar wushirya, ya ɗora mata hular a filin wasa ranar da aka cinye su, ya tafi soja bai dawo garin ba. Har ta san inda za ta tsaya ta haɗiyi yawu.

Sai dai hula ta shigo, kaya sun zama hamsin da ɗaya. Mai hankali zai ce wa ke ƙirgawa? Ita ke ƙirgawa. Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana duba. Tukunya ba ta fita. Riguna bakwai duk na gwaji ne, ta ƙawa, ta 'yar masu kuɗi, ta mai shiru-shiru. Ta ɗauki kofi na biyu ta sauka da shi, ta ajiye a kan dakalin shagon tayoyi. Kafin azahar wani bakanike ya zuba kusoshi a ciki.

Mateo ya zo ran Laraba da yamma bayan ya tashi aiki, ƙasa a farcensa, da ledar tako, wainar masarar nan mai nama da barkono, a hannu. Suka ci a zaune a ƙasa kamar kullum. Barkono ya kama shi, ya tashi neman kofinsa, ya buɗe 'yar durowar da ke saman famfo, ya rufe, ya sake buɗewa. Ta gaya masa ba ta ɓoye ba, har da nuna masa hular, tana cewa ai na ɗan lokaci ne, in an gama gwaji hular za ta fita.

Bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya tara hannu a famfo ya sha, ya goge baki da kafaɗa.

"Wato T.J. ya kore ni," ya ce. "Mutumin da ma babu shi." Ya ɗauki hular ya juya ta. "Tambaya ɗaya, gimbiyar bango. Ni na nawa ne a lissafin? Ko ni ma jira nake wani abu ya shigo?"

Ta ce don Allah ya bar wannan maganar sai bayan Juma'a, kanta ba zai ɗauki abu biyu ba. Ya ce to. Ya ɗauki takardun ya tsaya bayan waya ya karanta mata maganar yaron ninkaya, sau tara, har ta samu yadda take so. Ba ta taɓa jin ya karanta da kyau haka ba, ta ma faɗa masa. Ya tattara ledar takon, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ajiye mata makullin ɗakin da ke hannunsa a kan katifa. Ya ce ta ƙirga shi, don kada ta wuce hamsin. Ta ji saukarsa a matakala, ta yi niyyar bin sa, sai ta tuna kuka na kumbura mata ido har kwana biyu.

Ran Juma'a da hantsi ta isa wani ofishi a Burbank, da rigar mai shiru-shiru, gashi ɗaure a baya, ba kwalliya, wato kwalliyar awa guda da ake yi don a ce ba a yi ba. A ɗakin jira ta tarar da saurayin fim ɗin. Ta saba da ƙatti masu shuɗin haɓa. Wannan kuwa yaro ne na gaskiya, Wyatt Pruett, shekara goma sha takwas da wata biyu, an tsinto shi a bidiyon waya daga Tennessee, ga ƙuraje a goshi an shafe da hoda, ga hannaye dogaye bai san inda zai ajiye su ba. Yana ganinta ya miƙe zumbur ya ba ta kujerarsa, alhali ga kujeru nan shida ba kowa. Tarbiyya ce, uwarsa ta yi ƙoƙari. Shelby ta zauna, ta san manya ake tashi a ba kujera.

Ingrid Solheim doguwar mace ce mai furfura, ba ta murmushi, ba ta kuma ɓata rai. Ta zaunar da su a ƙasa suna fuskantar juna, kyamara a gefe, ta ce Wyatt ya fara.

Ya laluba aljihu ya fito da cokalin roba, ruwan hoda, irin na shagon askirim. Ya ce na wata Kayleigh ne. Ya jujjuya cokalin a hannu. Ya ce sun je shan askirim ne, ita ta sha da wannan, shi ke nan. Ya yi dariya, kunnuwansa suka yi jajur. Ya ce wata huɗu ke nan da ta rabu da shi, ta waya, amma yana ganin in fim ɗin nan ya fito wataƙila, ya kuma kasa ƙarasawa, ya ce wannan abin wauta ne, a yi haƙuri. Shelby tana kallonsa tana tausaya masa, ba farko, ba tsakiya, ba ƙarshe. Da ta saci kallon daraktar sai ta ga matar ko ƙiftawa ba ta yi.

Aka zo kanta. Ta ɗora hular a gwiwa ta shafa bakinta da yatsa, ta ba da labarin T.J. Wallahi ta iya. Ta haɗiyi yawu inda ta shirya, ta yi 'yar dariya a wurin 'yar wushiryar, hawaye ɗaya ya gangaro daga idon hagu, wanda ke ɓangaren kyamara, ya tsaya daidai kan kunci. Shekara tara na koyo ba wasa ba ne. Wyatt ya saki baki.

Ingrid ta miƙa hannu ta karɓi hular, ta duba cikinta, ta ajiye ta can gefe a bayanta.

"Kin iya aiki," ta ce. "Yanzu ba ni na gaskiyar."

Shelby ta ce ai shi ne. Matar ta ci gaba da kallonta, irin kallon da ba ya gajiya. Kyamara na ta aiki. Shelby ta buɗe baki don ta ƙara wa T.J. wani ado, sai ta ji kanta tana cewa ba ta da shi, ta zubar.

Sunan yaron na gaskiya Dale Hruska. Ba dogo ba ne, ba ya ƙwallo, bai tafi soja ba, yana nan a garin yana sayar da takin zamani, da 'ya'ya uku. Da damina yaran garinsu kan shiga gonakin masara cire bununi, wato furen saman masarar, tun asuba, cikin raɓa, ganyen na yanka hannu kamar reza. Ranar farko ta manta safar hannu. Dale na layin da ke kusa da nata, ya cire tasa ta hagu ya wurgo mata ta saman masara. Sati uku suka yi haka, shi da ta dama, ita da ta hagu, kowa da hannu ɗaya a yayyanke. Safar ta yi shekara goma a ƙarƙashin gadonta, ta bushe ta ƙandare kamar ƙafar kaza. Ta riƙe ta a hannu ranar bikin godiya, ta tambayi kanta yadda littafin ya ce a tambaya, ko abin nan na da amfani a rayuwarta ta yanzu, ta jefa ta a leda ta bakwai.

Nan kukan ya zo, ba na idon hagu ba. Kuka mai majina, baki a karkace, kafaɗu na rawa, hodar awa guda ta dame. Ta ji jijiyoyin wuyanta sun fito, ta san sun fito, ta kasa mayar da su. Ba Dale kaɗai take wa kukan ba, amma ba a tambaye ta sauran ba. Mai kyamara ya ɗago kai daga na'urarsa.

Wyatt ya rarrafa ya jawo kwalin tishu ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sannu, Anti," ya ce. "Yi haƙuri."

Suka karanta wurin da Junie da saurayin ke sumba bayan haka, don an riga an tsara. Yaron ya riƙe kafaɗunta kamar mai taimaka wa wata ta tsallaka titi.

Duk da haka ta fito da rai. Ta ga yadda daraktar ta riƙe hannunta a ƙofa, ta ji an ce mata na gode sau biyu. Asabar da Lahadi ta wanke rigunanta bakwai ta ninke, ta gwada su a jaka biyun, komai ya shiga har da sauran wuri. Ba ta kira Mateo ba, tana so ta kira shi da labari.

Bernice ta kira ran Talata. Ta ce Ingrid ta kira ta da kanta, abin da darakta ba ya yi, ta ce a cikin 'yan mata ɗari huɗu ba ta ga wadda ta kai Shelby ba, ta kalli faifan sau uku. Amma ta ce kukan na macen da ta san yadda labarin ya ƙare ne. Junie ba ta sani ba. Shelby tunawa take yi, su kuwa wadda ke ciki tsundum suke nema. Sun ɗauki wata 'yar goma sha tara daga Oregon da ba ta taɓa fim ba.

Shelby ta tambaya ko akwai wani wuri a fim ɗin, ko malamar ajin. Bernice ta ce ta riga ta tambaya, ita ba yarinya ba ce. Furodusoshi sun duba hotonta sun ce fuskarta ta yi ƙuruciya, masu kallo za su ɗauka ɗaliba ce ta hau teburin malama.

"To ina zan shiga?"

"Ga yara kin tsufa, ga manya ba ki isa ba. Duniya rawar 'yan mata ce, 'yar tsana, na gaba ya koma baya. Ki ci abinci, ki bar fuskar nan ta sauka, ki dawo mini nan da shekara bakwai ko takwas. Uwaye kullum ana nema. In ina raye."

Shelby ta ce shekara bakwai tana me? Bernice ta ce ana kiranta a ɗaya layin.

Ta zauna a kan katifa har rana ta juya daga wannan bango zuwa wancan. A ƙasa ana ta kwance tayoyi. Can ta jawo waya ta shiga shafin da 'yan wasa marasa dillali ke neman aiki da kansu, ta yi ta ja da yatsa. Ga wani ƙaramin fim na ɗaliban jami'a, ba biya, sai abincin rana: ana neman yarinya, goma sha shida zuwa goma sha takwas, a aiko da gwaji kafin ƙarfe biyar.

Ta wanke fuska, ta ɗaure gashi, ta kunna fitila. Ba mai karanta mata, sai ta yi yadda marasa kowa ke yi: ta naɗi maganar saurayin da muryarta, ta kauraro ta, tana barin fili bayan kowace magana don ta ba da amsa. Ta tsaya jikin farin bangon ta danna.

Muryarta ta fito daga wayar tana cewa tun aji ɗaya yake sonta, bai san yadda zai faɗa ba. Shelby ta sunkuyar da kai, ta ɗago a hankali da mamakin wadda ba a taɓa gaya wa haka ba. Kafin ta buɗe baki filin ya ƙare, saurayin ya ci gaba da maganarsa. Ta tsayar, ta mayar baya, ta sake tsayawa a wurinta.